Zaman Asabar: rajistar horon da muka shirya wa kanmu a Bauchi

Asabar, 4 ga Janairu 2025

Yau muka yi zaman farko. Mu goma sha ɗaya ne, mata bakwai maza huɗu, duk ma'aikatan jin daɗin jama'a. Shida suna ofisoshin ƙananan hukumomi, biyu a asibiti, uku a ƙungiyoyi masu kula da marayu. Ajin wata firamare mai zaman kanta aka ara mana a Fadaman Mada, da sharaɗin mu share mu kulle in mun tashi. Hunturu ya sa sai ƙarfe goma saura muka cika.

Shekarata goma sha huɗu a wannan aiki, kuma tarukan bitar da na halarta sun fi ƙarfin yatsuna. A kai mu otal, a haska majigi da Turanci, a sha shayi, a sa hannu a karɓi alawus da satifiket. Ranar Litinin ka koma ofis ka tarar da fayil ɗinka yadda ka bar shi, kai ma yadda ka bar kanka. Abin da ya tunzura ni shi ne dokar kare yara. Ta tarayya tun 2003 aka yi ta, mu a Bauchi sai Disambar 2023 Gwamna Bala Mohammed ya sa wa tamu hannu. Na tambayi ajin wa ya karanta ta daga farko har ƙarshe. Hannu biyu ne suka tashi, kuma babu nawa a ciki. Ga kuma dokar 2022 da ta kafa majalisar kula da wannan sana'a ta ƙasa, wadda ke nuna ranar da za a tambayi kowa rajistarsa da iliminsa tana nan tafe.

Mun tsara mako goma sha biyu: huɗu a kan yara, huɗu a kan iyali, huɗu a kan tsofaffi. Kowa zai riƙa ba da N1,000 duk Asabar. Babu alawus, babu kuɗin mota. Ba a ambatar sunan wanda ake yi wa aiki ko unguwarsa.

An tara N11,000. Kwali da maka N3,500, ruwan leda N900, masa da miya N5,000.

Asabar, 11 ga Janairu

Kowa ya zo da fayil ɗaya daga ofishinsa, an rufe suna da takarda. Muka yi musaya, kowa ya karanta na wani da ƙarfi.

Wallahi na ji kunya. Nawa, na wata yarinya 'yar shekara tara da kishiyar uwa ke duka, ga abin da na rubuta da hannuna bara: "An ziyarci gida. An yi wa matar nasiha. An sasanta." Shi ke nan. Babu ranar da zan koma, babu abin da yarinyar ta faɗa da bakinta, babu wanda ya ɗauki alhakin duba ta. Wanda ya karanta, dattijon cikinmu da muke ce wa Malam, ya ɗago kai ya ce, "Hajiya, in Allah ya yi miki canjin wurin aiki gobe, wanda ya gaje ki daga ina zai fara?" Ban da amsa. A fayil goma sha ɗaya, tara kusan haka suke. Kalmar "an sasanta" ita ce bargon da muke rufe komai da shi.

Muka rubuta matakan a kwali: gano mai buƙata, tantance halin da yake ciki, tsara abin da za a yi da wanda zai yi, aiwatarwa, bibiya, sannan rufe fayil. Duk mun san su, an sha haska mana su a otal. A bibiya ne muke zubewa.

Mun yanke shawarar yin fom na shafi ɗaya da Hausa, na ziyarar gida. Dalili kuwa, da Hausa muke hira da mutane, sai mu koma ofis mu matsa zancen cikin Turancin da bai wuce jimla uku ba. Ni aka ɗora wa rubutawa.

Laraba, 15 ga Janairu

Mutum uku sun janye. Biyu sun ce hidima ta yi yawa. Na ukun ya fi su gaskiya, ya ce shi bai taɓa ganin bitar da mahalarci ke biya ba, kuma daga Dass yake zuwa, kuɗin mota ya fi ƙarfinsa. Ban ga laifinsa ba. Saura mu takwas.

Asabar, 18 ga Janairu

Yadda ake hira da yaro. Muka yi kwaikwayo, na zama yarinya mai tallan gyaɗa da wani ya ja ta shago. Malam ne ma'aikacin. Ya tsaya a kaina da biro a hannu, ya ce, "Mai shagon nan ne ya taɓa ki, ko?" Ina zaune a bencin 'yan aji ɗaya, gwiwata ta kusa taɓa haɓata, sai na ji "eh" ta fito daga bakina tun kafin in yi tunani. Ni babba ke nan, kuma wasa ake yi. Ina ga yarinya?

Muka sake. Ya zauna a ƙasa, ya ajiye biron, ya fara da tambayar nawa take sayar da kullin gyaɗa. Daga baya ya ce, "Ba ni labarin abin da ya faru bayan kin shiga layin." Bambancin kamar dare da rana. Tambayar da ta sa wa yaro amsa a baki tana ɓata magana, kuma in an je kotu tana iya rusa shari'ar gaba ɗaya. Mun kuma yarda ba za mu ƙara ce wa yaro "ba wanda zan gaya wa" ba, tunda mun san dole mu gaya wa wani. Gara a ce masa za a gaya wa wanda zai taimaka kawai.

Ɗaya daga cikin 'yan asibitin ta tsayar da mu a kan lokaci. In fyaɗe ne, maganin kariya daga cutar HIV sai an fara shi cikin awa 72. Ta ce yawancin waɗanda ake kawo musu sun riga sun wuce, domin an kwana uku ana zaman sulhu tsakanin dangi da mai unguwa. Asibiti ne farko, sauran zama ya biyo baya. Na rubuta 72 da jan maka na liƙa a bangon ofishina.

Asabar, 25 ga Janairu

Awon damtse na gano tamowa, ga yara daga wata shida zuwa ƙasa da shekara biyar. Ƙasa da santimita 11.5 ja ne a jikin igiyar awo, a tura asibiti nan take. Daga 11.5 zuwa 12.5 rawaya. A kuma danna bayan ƙafa a duba kumburi. Igiyar awo huɗu muka samu, za mu riƙa karɓa-karɓa. Zaman ya tafi lafiya.

Laraba, 29 ga Janairu

An yi ɓarna, kuma da hannuna a ciki.

Ni na buɗe mana zauren WhatsApp don sanar da lokacin zama. Ban kafa masa wata doka ba, na ɗauka dokar aji ta wadatar. Ranar Litinin da dare ƙaramar cikinmu, wadda shekararta ɗaya da fara aiki, ta sa hoton wani yaro da ƙuna a hannu, tana tambaya ko wannan ƙunar ta yi kama da ta ganganci. Niyyarta alheri ce. Amma fuskar yaron ta fito, ga ƙofar gidansu a baya da lambar ƙidaya a jiki. Na gani, na ce da safe zan kira ta, na yi barci. Kafin safe wani ya tura wa ɗan'uwansa ma'aikacin jinya don jin ra'ayi, shi kuma ya tura wani zauren. Zuwa Azahar hoton ya isa unguwar, da ƙarin gishiri wai uwar ce ta tsoma hannun a ruwan zafi.

Jiya uban ya zo ofishinta ransa a ɓace. Ta kira ni tana kuka. Yau da safe muka je gidan mai unguwa ni da ita da Malam, aka kira uban. Malam ya ce, "Ranka ya daɗe, ba mu zo kare kanmu ba. Amana aka ba mu muka yi sakaci." Uban bai ce komai ba sai da aka jima, sannan ya ce matarsa kwana biyu ba ta leƙa ko zaure ba saboda kunya. Ashe tukunyar koko ce ta kife a kan yaron lokacin da uwar ke sallar Asuba, maƙwabta biyu sun shaida. Ya haƙura saboda mai unguwa, amma ya ce kada ma'aikaciyar ta sake taka gidansa.

Abin da ya fi damuna: ƙunar tana buƙatar wanki a asibiti, kuma yanzu mun rasa ƙofar shiga. Matar mai unguwa ta karɓi bibiyar. Keke Napep zuwa da dawowa N2,400, daga aljihuna.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Mu shida. Ƙaramar ba ta zo ba, wanda ya tura hoton ma bai zo ba. Muka ajiye darasin ranar muka rubuta dokar zauren: babu hoto, babu murya, babu suna, babu unguwa. Mai neman shawara ya kira mutum ɗaya ta waya. Da yamma na bi ta gidansu. Na ce mata, "Ƙanwata, ni da na gani na yi barci na fi ki laifi." Ta ce za ta dawo.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Na kai fom ɗin wani shagon kwamfuta kusa da Wunti ranar Alhamis, na ce a buga ɗari. Ina sauri, ban duba ba na karɓa a leda. Sai yau a aji muka buɗe: duk inda akwai ƙ, ɗ ko ɓ, ɗan akwati ne ya fito a wurin. "Buƙata" ta zama bu, akwati, ata. Kwamfutar shagon ba ta da irin rubutun da na yi amfani da shi. N7,000 ta tafi. Bayan takardun dai fari ne, za mu yi rubutun aji da su.

Wani ya ce a cire ƙugiyoyin kawai, ai kowa zai gane. Na ƙi. A fom ɗin da za a rubuta ko yaro yana da ƙari a wuya, ko an kai ƙara, ba na son a bar wa mai karatu canka. Ɗana ya nuna mini yadda ake mayar da shi PDF kafin a kai shago. Wannan karon ashirin kawai zan buga.

Ƙaramar ta dawo. Mu bakwai.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Taswirar dangi. A takardun bita da nake da su, misalin kullum miji ɗaya ne, mata ɗaya, yara biyu, kaka a sama. Muka gwada zana wani gida na gaske: magidanci mai mata uku, ya saki ɗaya, akwai agola biyu, ɗan riƙo daga ƙauye, da almajirin da ke yi musu aike yana cin abinci a gidan shekara huɗu. Kwali guda bai isa ba, sai da muka haɗa biyu.

Amma da aka gama zanen, abin da muka kasa gani wata uku ya fito fili. Yaron da ake kuka da shi yana ɗauke-ɗauke, babu layi ko ɗaya da ya haɗa shi da wata mace a gidan. Uwarsa ce aka saka. Ranar girkin kowacce, shi ne na ƙarshe a rabon tuwo. Don haka na ƙara tambaya biyu a fom: wa ke zuba wa yaron abinci, kuma a ɗakin wa yake kwana? Sun fi "sunan mahaifi" amfani nesa ba kusa ba.

Malam ya gayyato wani abokinsa da ya yi ritaya daga aikin kotun shari'a. Ya yi mana bayanin reno a mazhabar Malikiyya: in aure ya mutu uwa ce ta fi cancanta, in ta yi wani aure sai kakar yaro ta wajen uwa, ciyarwa kuma tana kan uba ko yaron yana hannun wa. Namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji. Da yawanmu mun sha zama ana ce wa mace "ɗa na uba ne" muna gyaɗa kai. Mun ba shi N3,000 na mai, da ƙyar ya karɓa.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Na matso da darasin tsofaffi saboda azumi na tafe, kuma nan ne duk muka fi rauni. A cikinmu babu wanda ya taɓa halartar bita ko ɗaya a kan tsofaffi. Kuɗin masu ba da tallafi yara da mata masu ciki yake bi, mu ma sai muka bi shi. Akwai Cibiyar Kula da Tsofaffi ta Ƙasa da aka yi dokarta a 2017, ta fara aiki a 2021, a shekarar da aka amince da manufar ƙasa kan tsufa. Uku daga cikinmu yau suka fara jin labarinta.

Maimakon aji, mu uku muka je gwada fom ɗin a gidan wata tsohuwa a bayan gari, da izinin ɗanta. Maƙwabta ne suka kawo maganarta: tana fita da dare, tana kiran sunayen matattu, har an fara raɗe-raɗin maita.

Fom ɗin ya faɗi tun a layin farko. "Shekara nawa?" Ta yi dariya ta ce, "'Yar nan, wa ya ƙirga?" Sai da na tambaye ta ko ta yi aure lokacin da aka kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa, ta ce tana goyon ɗanta na fari. Watau a 1966 ta kai sha bakwai ko ashirin, yanzu tana dab da tamanin. Layi na huɗu ya fi muni: "Ana kula da ke yadda ya kamata?" Surukarta na zaune a bakin ƙofa tana tsince shinkafa. Me za ta ce? "Alhamdu lillahi." Na rubuta, na san ban rubuta komai ba.

Na ajiye takardar na ce, "Inna, nuna mini ɗakinki." A can ƙuryar gida yake, kusa da turken awaki. Dokin ƙofar ya kai taƙi guda, babu fitila, bayan gida kuma sai an ratsa tsakar gida an hau tudu. A ƙarƙashin filo akwai leda cike da magunguna, na hawan jini iri biyu daga kemis daban-daban, wasu sun wuce wa'adi. Na tambaye ta wanne take sha da safe, ta ce wanda hannunta ya fara taɓawa. Fitar daren da ake kira maita, bayan gida take nema ta ɓace hanya.

Surukar kuma, da na same ta ita kaɗai a madafa, hawaye ta fara. Yara shida, ga tsohuwa, shekara biyu ba ta yi barcin kirki ba, kuma duk wanda ya zo ita yake yi wa kallon mai laifi. Fom ɗina ba shi da layi ko ɗaya na mai jinya.

Da muka dawo, 'yar asibitin ta bambance mana abu biyu. Gigin tsufa a hankali yake zuwa, cikin watanni da shekaru, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cutar Alzheimer ce ke kawo kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari nasa. Ruɗewar da ta zo farat ɗaya cikin kwana biyu kuwa, sau da yawa ciwon mafitsara ne, ko siga, ko ƙarancin ruwa a jiki, ko haɗa magunguna, kuma ana iya magance ta. Wannan ba a jira, asibiti ake yi.

Talata, 25 ga Fabrairu

Na sake rubuta fom ɗin. Yanzu biyu ne, na yara daban, na tsofaffi daban. A na tsofaffi rabin shafin "abin da na gani da idona" ne: ɗaki, haske, hanyar bayan gida, ledar magani, farce da tufafi. Akwai layi uku na mai jinya. A ƙasa an rubuta ranar komawa da sunan wanda zai koma, kuma ba a sa hannu sai an cike su.

Ɗan tsohuwar ya kai ta asibiti jiya, an ce ta tsaya a kan magani ɗaya. Na saya mata tocila mai caji N4,500 daga asusun aji, bayan na nemi yardar kowa. An sa mata fo a ɗaki. Dokin ƙofar yana nan, ɗan ya ce sai ya samu kuɗin birkila.

Asabar, 1 ga Maris

An tashi da azumi. Mun mayar da zama ƙarfe takwas zuwa goma. Kuɗin masa ya koma na fotokofi. Mun tattauna tsofaffi masu ciwon siga da ke dagewa sai sun yi azumi. Shawarar Malam: kada ma'aikaci ya yi fatawa, ya haɗa tsoho da likitansa da limamin da yake jin maganarsa.

Asabar, 8 ga Maris

Mu bakwai. Kowa ya kawo fom biyu da ya cike, abokin zamansa ya duba. Nawa an kama ni da "an yi nasiha" sau ɗaya. Ƙaramar ce ta kama ni, ta ja layi a ƙarƙashi da jan biro tana murmushi.

Asabar, 15 ga Maris

Zafi da ƙishirwa. Awa ɗaya muka yi muka tashi.

Talata, 18 ga Maris

Ranar ma'aikatan jin daɗin jama'a ta duniya, Talata ta uku a watan Maris. Taken bana a kan ƙarfafa zumunci tsakanin tsofaffi da masu tasowa ne, ya zo daidai da inda muke. Ba mu yi wani biki ba, lissafi na yi.

Abin da ya shigo N84,000, ana bin mutum biyu N4,000. Abin da ya fita N77,500, mafi yawa masa da fotokofi, har da dubu bakwan da akwatuna suka cinye. Saura N6,500.

Na koma fayil ɗin yarinyar da na rubuta "an sasanta". Na je gidan ranar Lahadi. An mayar da ita wurin kakarta a Darazo tun watan Agusta, ban sani ba, domin ban taɓa komawa ba. Na samu lambar wani abokin aiki a can, ya yi alkawarin leƙa ta kafin Sallah. Na rubuta ranar da zan kira shi.

Asabar, 22 ga Maris

Zama na sha biyu. Ba mu gama ba: dokar kare yaran da ta sa muka fara, kashi ɗaya cikin uku kawai muka karanta, dokar hana cin zarafi ta 2015 kuwa ko buɗe ta ba mu yi ba. Yaron mai ƙuna ya warke, in ji matar mai unguwa, amma har yanzu uban ba ya amsa gaisuwarmu.

Bayan Sallah za mu koma sau biyu a wata. Zama ɗaya na karatun doka, shafi goma-goma, kowa ya fassara nasa kason da Hausa. Ɗayan na duba fayilolin juna. Na Dass ya kira, ya ce in za a riƙa haɗa shi ta waya zai dawo, don haka za mu ware N1,500 na kati. Malam zai nemi ganin shugabar sashenmu da fom ɗin tsofaffi, ko za ta yarda a gwada shi a ƙananan hukumomi biyu. Ni kuma ranar Laraba zan koma wurin Inna, in ga ko an sare dokin ƙofar nan, in kuma tambayi surukar ko ƙanwar mijinta ta amince ta karɓar mata jinyar kwana biyu a mako.